Ɓarawon da Ake Kulle Taska da Shi

Kowace shekara, da zarar hadari ya soma haɗuwa a gabas, sai hukuma ta tashi da kiran jama'a zuwa ga dashen itatuwa, a yi shela a rediyo, a tara hakimai da dagatai da 'yan makaranta, wani babba ya durƙusa ya dasa ɗan icce a gaban idon jama'a, a yi addu'a a watse. Wannan kira ya ƙara ƙarfi tun shekarar 2007, sa'ad da ƙasashen Afirka suka yi ittifaƙi a kan kafa ganuwar itatuwa daga Senegal har Jibuti domin tare hamada, aikin da ya shafi Jamhuriyar Nijar da jihohi 11 na arewacin Nijeriya, tun daga Kebbi da Sakkwato har Yobe da Barno. To, amma akwai wani kuka da malaman daji da masu renon itatuwa suka daɗe suna yi, wanda ba a faɗarsa a wurin biki. In ka je neman dashen darbejiya ko na turare, ba za ka rasa ba. In kuwa ka tambayi na ɗorawa, ko kanya, ko ɗinya, ko tsamiya, watau itatuwan da kakanninmu suka ci suka rayu a gindinsu, sau da yawa amsar da za ka ji ita ce an shuka bai fito ba. Da za a bi diddigin maganar, sai a tarar ƙasa ba ta da laifi, ruwa ma bai gaza ba, irin ne ya riga ya mutu tun yana cikin buhu, abin da ya kashe shi kuwa fumfuna ce.

Kada mai karatu ya raina wannan hasara don ya ga ƙwaya ce 'yar ƙanƙanuwa. Ya dubi ɗorawa tukuna, ya lissafa alherinta: yara su sha garinta a bazara lokacin da rumbu ya yi ƙasa, mata su dafa kalwarta su yi daddawar da miya ba ta daɗi sai da ita, magina su jiƙa makubarta su yi daɓe. Ya dubi kuka, mai ba da miya da igiya da garin da ake damawa da nono. Da tsamiya, wadda mai azumi ya san darajar kununta. Da kaɗanya, wadda manta ya shiga tukunya ya shiga fitila ya shiga jikin jariri. Da magarya, wadda muke cin 'ya'yanta muna raye, a kuma yi mana wanka da ganyenta ranar da muka cika. Darbejiya baƙuwa ce, daga Indiya aka kawo ta a zamanin Turawa, ta kuwa yi mana hidimar inuwa, ba mu butulce mata ba. Amma ba a taɓa jin gidan da ya tsallake yunwa da 'ya'yanta ba. Malamai sun karantar da mu cewa wanda ya dasa icce, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, ana rubuta masa ladan sadaka. In haka ne, mudun kalwa da aka bari ya ruɓe a lungun ɗaki, sadaka ce ta shekaru masu yawa aka tozarta, kuma irin da Allah Ya damƙa a hannun bawa amana ce da za a tambaye shi a kanta.

Mece ce fumfuna? Kowa ya san ta a ido, wannan furfurar da ke fitowa a kan kwantan tuwo, ko a kan takalmin fata da aka manta da shi a marka, wani lokaci fara kamar auduga, wani lokaci kore, ko ɗorawa-ɗorawa, ko baƙa kamar kunkunniya. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne halitta ce mai rai, 'yar'uwar naman kaza, ba ta da ganye ba ta da saiwa, ba ta iya yi wa kanta abinci, sai dai ta ci na wani. Tana da nata irin, wanda ya fi ƙura laushi, ba a ganinsa sai da madubin likita, yana nan a iska, a ƙasa, a jikin tsohon buhu, a tafin hannun mai ɗiba, har a bayan ƙwayar da ka tsinko yanzu daga gindin icce. Masana sun ƙidaya dangogi biyu da suka fi ɓarna a ma'aji, suna kiransu Asfajilus da Fenisiliyam. Abin mamaki kuwa, daga dangin na biyun ne aka samo maganin fenisilin da ya ceci rayuka ba iyaka, tsarki ya tabbata ga Wanda Ya sanya cuta da magani a gida guda. Abin lura a nan shi ne ba mai iya hana irin fumfuna shiga taskarsa, ko da ya yi mata ƙofar ƙarfe. Abin da mutum ke iyawa shi ne ya hana ta abin da za ta farka da shi, wannan abu kuwa guda ɗaya ne tak, watau laima.

A nan ne maganar take, a nan kuma za mu daɗe. Ƙwayar iri, ko da ka gan ta shiru kamar tsakuwa, mai rai ce, barci take yi, tana kuma numfashi a hankali ƙwarai. In ta bushe sosai, numfashin yakan yi ƙasa har ya kusa tsayawa, ta yi shekaru a haka ba abin da ya same ta, irin fumfunar da ke bayanta shi ma yana kwance ba shi da ta cewa. In kuwa da sauran ruwa a jikinta, sai numfashinta ya ƙaru, numfashin ya haifar da gumi da zafi, gumin ya tayar da fumfuna, ita ma ta shiga ci tana numfashi tana ƙara gumi da zafi, har mutum ya cusa hannu a tsakiyar buhu ya ji ɗumi kamar ya taɓa jikin mai zazzaɓi. Misalin wannan kamar mai gida ne da ya ji labarin ɓarayi sun yi yawa a gari, ya sayo kwado mai tsada, ya ƙara wa katanga tsawo, ya ɗaure kare a zaure, sa'an nan da magariba ya kulle taskarsa da hannunsa, alhali ɓarawon yana kwance a bayan buhuna, ya kuma ajiye masa tulun ruwa da akushin tuwo don kada ya ji yunwa a kan aikinsa. Da safe ya zo ya tarar kwado lafiya, katanga lafiya, kare bai yi haushi ba, dukiya kuwa ta tafi. Wa zai kai ƙara? Mafi muni, wannan ɓarawo ba ya fara ci daga bawo inda za a gan shi; yakan zarce ne zuwa ga ɗan tsiron nan da ke kwance a tsakiyar ƙwaya, wanda shi ne ran iri, domin nan ne ya fi taushi ya fi maiƙo. Saboda haka iri yakan mutu tun kafin a ga furfura ko ɗaya a bayansa, mai shi yana ta yi wa rogo kallon kitse har ranar shuka.

Masana sun auna wannan al'amari da ma'auni. Sun tarar fumfunar ma'aji ba ta iya yaɗuwa in danshin iskar da ke kewaye da iri ya gaza kashi 65 cikin 100. Wani masanin iri Ba'amurke mai suna Harrington ya kafa ƙa'idar da ake aiki da ita har yau, cewa duk sa'ad da aka rage ruwan jikin iri da kashi 1 cikin 100, tsakanin kashi 14 da kashi 5, kwanakinsa a ajiya sukan ninka biyu, haka kuma duk sa'ad da aka rage zafin ma'aji da digiri 5. Mai hankali ya yi lissafi: irin da aka busar daga kashi 13 zuwa kashi 10 ya ninka sau uku ke nan, biyu, huɗu, takwas, wanda da zai yi shekara guda sai ya yi takwas, a kan haƙurin 'yan kwanaki na shanya. Mu kuwa mutanen wannan ƙasa Allah Ya yi mana baiwar da wasu ƙasashe ke sayen injuna domin su samu, ita ce iskar hunturu, wadda a tsakiyarta danshin iska a wajajen Kano yakan sauka ƙasa da kashi 20, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi. Amma a watan Agusta yakan haura kashi 70, gishiri ya jiƙe a kwano, ashana ta ƙi kamawa. Tsamiya da kuka da kanya da magarya da aduwa suna nuna a rani, sun yi sa'a. Ɗorawa kuwa sai a bazara take nuna, dab da faɗuwar ruwa, lokacin da hankalin kowa ya koma ga sharar gona, shi ya sa kalwa ta fi kowane iri shan wahala a hannunmu.

Yanzu bari mu zo ga leda, domin ba a yi abin da ya taimaki fumfuna a zamanin nan kamarta ba. Iyayenmu suna ajiye iri a gora, ko a tukunyar ƙasa, ko a ƙunshin kaba a rataye a rufin ɗakin girki inda hayaƙi ke bugunsa. Rumbunsu kuma a kan duwatsu yake zaune, ba ya taɓa ƙasa, gero yana ciki a damminsa. Wannan hikima tsohuwa ce, tun Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya shawarci mutanen Masar su ajiye hatsin shekarun wadata a cikin zangarniyarsa. Ƙwallon kuka da bai fashe ba ma haka yake, taska ce da Mahalicci Ya rufe da kanSa, guntsun da ke ciki yakan daɗe lafiya. Mu 'yan zamani sai mu wanke kalwa da hantsi, mu baza ta zuwa la'asar, mu ga bayanta ya bushe, mu kwashe ta da ɗuminta mu ɗura a baƙar leda, mu ƙulle baki tamau, mu jefa a ƙarƙashin gado a kan daɓen da rima ke tasowa. Na taɓa ganin haka da idona a wani wurin renon itatuwa: wani dattijo ya kawo kalwa wajen mudu uku a leda, yana ta yabonta, ya ce daga ɗorawar gonar mahaifinsa ce wadda babu irinta a yankin. Da aka kwance bakin ledar, wari ya bugo, ƙwayoyin sun manne da juna sun zama curi, gumi yana tsatsafowa a jikin ledar. Ya yi shiru, can ya ce, haka Allah Ya ƙaddara. Lalle babu abin da ke faruwa sai da ƙaddarar Allah, wannan imani ne. Amma Shari'a ba ta yarda a ɓoye sakaci a bayan ƙaddara ba, an kuwa umurce mu da riƙon sababi, mu ɗaure raƙumi sa'an nan mu yi tawakkali. Wanda ya kulle ɗanyen iri a leda ya kuma zauna jiran tsiro, ba tawakkali ya yi ba, gafala ya yi, kuma ya kamata a faɗa masa haka ko da ransa zai ɓaci.

Hanyar tsira ba ta da tsada, sai dai tana son natsuwa. A zaɓi icce lafiyayye mai yawan 'ya'ya, a ɗebi waɗanda suka nuna sarai, daga kan icce ko waɗanda suka faɗo a ranar, kada a tsinci waɗanda suka kwana biyu a ƙasa dabbobi sun tattaka, kuma a haɗa daga itatuwa da dama, kada a dogara ga guda. A raba ƙwaya da namanta ƙwarai, domin zaƙin da ya saura a bayan ƙwallon ɗinya ko kanya ko tsamiya shi ne guzurin fumfuna. In an wanke, a kwashe waɗanda suka taso kan ruwa a zubar, galibi fanko ne ko masu ƙwaro, a fid da fasassu da masu tabo, kada a ji tausayinsu, wake ɗaya ke ɓata gari. Sa'an nan a baza a kan tabarma ko faifai, shimfiɗa marar kauri, a inuwa mai iska kwana biyu ko uku, kana a riƙa fitarwa ranar hantsi, ana juyawa, ana shigarwa kafin raɓa ta sauka. Kada a shanya a kan kwanon rufi ko a gefen kwalta da tsakar rana, wannan toyawa ce, zafinta yakan kashe tsiron. Ga gwaji mai sauƙi da malaman gona ke koyarwa: a sami busasshiyar kwalba, a zuba iri kamar sulusinta, a ƙara cokali biyu na gishirin da aka busar, a rufe a girgiza, a bar ta kamar minti 15 a sake girgizawa, in gishiri ya manne a jikin kwalba, da sauran aiki. Ko bai manne ba, a ƙara kwanaki ana shanya, domin gwajin ba ya nuna komai sai laima mai yawa. Bayan haka a bar iri ya huce, a zuba shi a kwalba ko gwangwani mai murfi, a gauraya da tankaɗaɗɗiyar toka busasshiya ko 'yan gutsattsarin gawayi da aka shanya, a cika mazubin har wuya, a rufe, a rubuta sunan icce da wurin da aka ɗebo da watan ɗiba, a ɗora a kan maratayi nesa da bango a ɗakin da ya fi sanyi. Rufewa tamau alheri ce ga busasshen iri, halaka ce ga ɗanye. Bambancin ke nan duka. In damina ta kankama kuma a bar buɗe-buɗen murfi don leƙe.

Sai dai akwai togaciya babba, wadda rashin saninta ya sa mutane masu kyakkyawar niyya suka kashe iri da hannunsu. Ba kowane iri ke jure bushewa ba. Ƙwallon kaɗanya, wanda ke faɗowa a farkon damina, in ya bushe ya mutu, in an ajiye shi da ruwansa kuma fumfuna ta cinye shi, kwanakinsa 'yan makonni ne kawai. Maganinsa ɗaya ne: a cinye naman, a wanke, a shuka cikin 'yan kwanaki, in da hali a wurin da ake so iccen ya zauna, domin saiwarsa doguwa ce ba ta son cira. In tilas sai an kai shi wani gari, a sa shi a kwando ko buhun algarara da ɗan yashi mai sanyi, a inuwa, a gaggauta. Ƙwallon giginya ma ba a yi shi don ajiya ba, masu binne shi domin muruci sun san haka. Wanda ya shuka kaɗanya kuma kada ya yi fushi ya tone don bai ga komai ba, ita takan fara tura saiwa ƙasa ne, ganye ya biyo baya bayan makonni, 'ya'ya kuwa sai shekara 15 ko 20. Mai shukar kaɗanya don jikoki yake yi. Ƙwallon da mata suka tafasa domin mai, da kalwar da aka dafa domin daddawa, waɗannan ba iri ba ne kuma, wuta ta riga ta kashe su.

Wata mas'ala da ba za a tsallake ba ita ce abin da ake yi da irin da ya riga ya yi fumfuna. Wasu sukan wanke shi, su shanya, su kai kasuwa ko su sa a tukunya, suna cewa ai daddawa ma ruɓa ce. Wannan ƙiyasi ɓatacce ne. Daddawa wasu halittu ne dabam ke nunar da ita, a hannun gwanaye, cikin kwanaki ƙidayayyu. Ita kuwa fumfunar nan mai launin kore da ɗorawa takan zubar da dafi da ake kira afalatoksin, wanda ba shi da ɗanɗano, wanki ba ya fid da shi, dahuwa ba ta kashe shi, yana taruwa yana cin hanta har ya kai ga ciwon daji, yana kuma tsumburar da yara. An gano shi ne bayan shekarar 1960, da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda ƙuli-ƙulin gyaɗa da aka kawo daga Barazil. A shekarar 2004 kuma mutum 125 suka rasu a ƙasar Kenya bayan cin masarar da aka ajiye da laima. Gyaɗa da masara ya fi kamawa, amma duk ƙwaya mai maiƙo da aka ajiye ɗanya tana cikin hatsari. Wanda ya san kayansa sun yi fumfuna, ya goge su ya cakuɗa da masu kyau ya sayar wa ɗan'uwansa Musulmi ko wanda ba Musulmi ba, algus ya yi, hukuncin algus kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. A ƙone irin nan ko a binne shi da zurfi, kada ma a ba kaji ko awaki, domin su ma dafin yana cutar da su, yana kuma bi ta nono.

Game da hodar magani da ake sayarwa a 'yar takarda, irin su Apron Star, tana da amfaninta ranar shuka, amma ba ta rayar da matacce, ba ta kuma maye gurbin shanya. Guba ce, a bi awon da malamin gona ya faɗa, a rufe hanci, a wanke hannu, a nisanta ta daga yara. Irin da aka shafa wa magani haramun ne a ci ko a sayar a matsayin abinci. A ƙasar Iraƙi, a shekarun 1971 da 1972, an raba wa manoma alkamar shuka da aka shafa wa maganin fumfuna mai sinadarin zaiba, suka wanke jan launin da aka shafa mata suka yi gurasa da ita, mutum fiye da 6,000 aka kwantar a asibiti, fiye da 400 suka mutu a can.

Sauran abokan gaba sanannu ne, ba sai an tsaya a kansu ba. Ƙwaro yana huda ƙwaya ya buɗe wa fumfuna ƙofa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Toka da mazubi mai murfi sun ishe shi. Ɓera da gara, maratayi da tsabtar ɗaki. Tsohon buhu a wanke a shanya kafin a sake zuba masa sabon iri. A wurin reno kuma akwai wata fumfunar ƙasa mai kama ɗan tsiro a gindi ya faɗi kamar an yanke shi. Sababinta yawan ban ruwa ne da cunkoso da takin da bai ruɓe ba.

Abu na ƙarshe, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da sauran wata biyu kafin shuka, a ƙirga ƙwaya 100 daga abin da aka ajiye, a ɗan kankare bayan masu tauri, kamar kalwa da guntsu da ƙwallon tsamiya, a gefen da ba na ido ba, a jiƙa su kwana guda, a shuka a kasko mai yashi a inuwa, ana yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan mako uku ko huɗu a ƙirga abin da ya fito. In ya kai 70 ko 80, a gode wa Allah a mayar da murfi. In bai kai rabi ba, a ninka yawan abin da za a zuba a kowane rami, a kuma aika wa maƙwabta ko ofishin gandun daji neman ƙari tun ruwa bai sauka ba.